Mutum Biyu A Yariko

Masu iya magana sun ce wake ɗaya kan ɓata gari. A Littafi Mai Tsarki na Kirista akwai labarin da ya gaskata wannan zance, cikin Littafin Joshuwa, sura ta 7.

Sa'ad da Isra'ilawa suka ci birnin Yariko, an kafa musu doka kada kowa ya ɗibar wa kansa ganima. Amma wani mutum daga kabilar Yahuza, mai suna Akan ɗan Karmi, ya ɗauki wata riga mai tsada, da shekel 200 na azurfa, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne su a alfarwarsa. Ba wanda ya gan shi. Da aka tura mayaƙa wajen 3,000 su ci ƙaramin garin Ai, sai aka fatattake su, mutum wajen 36 suka hallaka, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Aka sanar za a yi bincike kashegari. Da gari ya waye aka bi kabila kabila, gida gida, shi kuwa ya yi gum. Bai amsa laifinsa ba sai da aka tsamo shi, daga nan aka jejjefe shi a Kwarin Akor.

Bayan ƙarnuka da yawa, a Yarikon nan dai, Linjilar Luka sura ta 19 ta ambaci wani attajiri mai suna Zakka, shugaban masu karɓar haraji. Ba wanda ya kai ƙararsa. Da Yesu Almasihu ya sauka a gidansa, shi da kansa ya miƙe ya yi alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidan.

Dukansu biyu sun furta da bakinsu, amma amsa laifi bayan an kama mutum dabam, tuba dabam. Koyarwar Kirista ita ce babu abin da yake ɓoye ga Allah, kowa kuma zai ba da lissafin kansa a gabanSa. Saboda haka ma'ajin ikilisiya da ya taɓa baiko, da akawun da ya murɗe lissafi, da mai tauye mudu, ya kamata su tono abin da suka binne, su mayar wa masu shi tun ƙuri'a ba ta faɗo kansu ba.