Tukunyar Japanawa da Naman Mubi

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Kolere cikin garin Mubi, a Jihar Adamawa, ya san yadda manyan motoci suke fita daga garin shaƙe da shanu, sun nufi Ikko da Badun da Inugu da Fatakwal. Kasuwar shanu ta Mubi tana cikin manya a ƙasar nan, kuma har daga Kamaru da Chadi ake koro mata dabbobi. Amma abin mamaki, a cikin gidajen da ke kewaye da ita, akwai magidanta da yawa da sai su yi mako guda yaransu ba su ga tsoka a miya ba. Haka kuma ɗan Arewa mazaunin Agege ko Sabo ta Badun, wanda watakila shi ya rako shanun, yakan tsaya gaban teburin mahauci ya taya, ya girgiza kai, ya wuce.

To, tun da dai kuɗin nama ba zai sauko don an yi masa tsawa ba, ya kamata a dubi yadda ake cin ɗan abin da aka samu. A nan ne wata dabara ta mutanen Japan ta cancanci a saurare ta.

Japanawa ba masu cin naman shanu ba ne tun asali. A shekarar 675 Sarkinsu Temmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji, kuma ƙyamar nama ta zauna musu kusan shekara 1,200. Sai a 1872 aka ba da labarin Sarki Meiji ya ci naman sa, daga nan kuwa gidajen abinci na Tokyo da Yokohama suka cika da masu neman tukunyar nama. Sai suka koyi yanka shi siriri, su haɗa da ganye mai yawa, su dafa a gaban masu ci. Iri biyu suka fi shahara. Na farko sukiyaki, wanda ake dafawa cikin kasko da romo kaɗan mai ɗan zaƙi. Na biyu shabu-shabu, wanda sunansa ya fito daga birnin Osaka a shekarun 1950, watau kwaikwayon ƙarar da nama ke yi in ana kaɗa shi cikin tafasasshen romo.

Yadda ake yi a gida ba wuya. A sami nama rabin kilo, na gadon baya ya fi, a haɗa da ɗan tozo saboda maiƙo, don kuwa shanun Fulani masu tafiyar kiwo namansu ya fi na Japan tauri da ƙarancin kitse. A sa mahauci ya fere shi fale-fale, ya kuma datse jijiyar a gicciye, kada ya bi tsawonta. A karɓi ƙashi, a tafasa shi tun da rana da albasa da citta da tafarnuwa da daddawa da gishiri, a tace romon. Sai a yanka kabeji da karas da alayyafo da lawashin albasa, a jera a faranti tare da awara da taliya. In lokacin ci ya yi, a ɗora tukunya a kan kurfoti ko risho, iyali su zauna kewaye da ita a kan tabarma. A fara zuba karas da kabeji, sa'an nan kowa ya tsoma yankan namansa, da zarar jan ya ɓace duka ya nuna, a tsame a dangwala da yaji ko miyar riɗi da lemon tsami. Daga ƙarshe a zuba taliya cikin romon da ya rage, ko a kwarara shi a kan shinkafa ko tuwo.

Mai karatu zai lura cewa babu abin da aka ambata wanda babu shi a kasuwar Mubi ko ta Mile 12. Abin da Japanawa ke kira tofu, shi ne awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin titi. Riɗin da suke yin miyar dangwale da shi, wani daga cikinsa daga gonakin Nijeriya yake tafiya, domin Japan tana cikin manyan masu sayen riɗin ƙasar nan. Yankan nama siriri kuwa, ai ba a koya wa mai kilishi riƙon wuƙa. Bajapane sai ya sa nama a firji ya ɗan daskare kafin ya iya yanka shi, Bahaushe kuwa da wuƙa da katako yake shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda.

Amma fa ba kome za a kwaso ba. Japanawa suna zuba giyar shinkafa cikin romon sukiyaki, wannan kuwa ba ta shiga tukunyar Musulmi. Ɗan ɓarin mazarƙwaila da lemon tsami sun isa su ba da zaƙi da tsamin da ake nema. Suna kuma tsoma naman cikin ɗanyen ƙwai, abin da bai dace da ƙwan da ya kwana a rana a kan tire ba. Sa'an nan tun da naman ba ya daɗewa a wuta, tilas ya zama na yankan ranar, daga mayankar da likitan dabbobi ya duba, romon kuma ya riƙa tafasa sosai. Ba a manta ba cewa a watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antaraks a wata gona a Suleja. Naman dabbar da aka yanka tana ciwo ba arha ba ne, ko da kyauta aka ba da shi. Masu zaman ɗaki ɗaya a Ikko kuma su kiyaye, kada a kunna gawayi a rufe ƙofa da taga, domin iskarsa ba ta da wari, amma tana kisa.

Wani zai ce wannan gulma ce, wai ana da farfesu da balangu da tsire, me za a yi da girkin mutanen da ba a ko jin yarensu? Gaskiya ne ba a raina na gida. Amma a duba yadda ake rabon nama a gidaje da yawa. Rabin kilo in an yanka gunduwa-gunduwa bai wuce tsoka goma ba, manya su tafi kwanon maigida da na baƙo, uwargida ta ɗan taɓa, yara su tashi da romo da ƙashi. Alhali kuwa yaro mai girma da mace mai ciki ko mai goyo su suka fi kowa bukatarsa. In aka fere wannan rabin kilo, sai ya ba da yanka da yawa, har hannun ƙaramin cikinsu ya kai. Kuma yaron da ba ya cin ganye zai ci, tun da ya sha romon nama.

Wani kuma zai ce al'ada ba ta yarda maza da mata su haɗa kwano ba, balle suruki da suruka. To, ai sai a ɗora tukunya biyu, ɗaya a zaure ɗaya a cikin gida, a raba naman daidai. Cin abinci a kwano ɗaya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe ko Bafillace. Samarin da ke sana'a a Kudu ma, waɗanda kowa ke sayen abincinsa shi kaɗai a bakin hanya, in mutum biyar suka haɗa kuɗi ranar Juma'a suka yi wannan tukunya, za su ƙoshi, su yi hira, su ji labarin gida.

Akwai kuma darasi na biyu wanda ya fi tukunya girma. Japan ba ta da shanu kamar Nijeriya, amma ta mai da naman Kobe abin da duniya ke rububi. Bayan cutar haukan shanu ta ɓulla musu a 2001, sai suka yi doka a 2003 cewa kowace saniya ta sami lamba mai alƙaluma 10, yadda mai saye zai iya bin sawun naman har gonar da aka haifi dabbar. A nan kuwa har yanzu sa mai rai ake lodawa a Mubi, ya yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000 a tsaye, ba ci ba sha, ana biyan kuɗi shinge bayan shinge, ya isa ya rame, wani ma ya mutu a hanya. Fata da ƙashi da kayan ciki da aikin fiɗa duk sun bar garin. Yajin kai kaya Kudu da fatake suka yi a watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, ya nuna wa kowa yadda wannan hanya take da rauni.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. In da gaske ake, gari irin Mubi, mai kasuwa da jami'ar jiha da kwalejin fasaha ta tarayya, shi ya fi cancanta da mayanka ta zamani da motoci masu sanyi, yadda za a aika nama yankakke Kudu, samarin Kolere da Lokuwa da Yelwa su sami aiki a gida.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun magidanci shi ne wuƙar mahaucinsa da tukunyar matarsa. In hunturu ya sauko daga duwatsun Mandara, ko damina ta hana fita a Ikko, a gwada ko sau ɗaya, a kuma bar yara su fara miƙa hannu. Allah ya ƙara wa kowa buɗi.