Kafin a zargi maharbi, a duba kwari da baka

Da kibiya ta kauce, sai a ce hannun maharbi ne ya yi rawa, wasu ma su ce naman yana da tsari. Alhali sau da yawa kayan ne ba su dace da juna ba.

Kibiya ba ta fita a miƙe sambal. Ana sakin tsirkiya sai ta tunkuɗi gindin kibiya tun ƙarfen da ke bakinta bai motsa ba, kyauron ya lanƙwashe, ya kewaye jikin baka, ya tafi yana karkarwa. A shekarun 1930 wani masanin kimiyya a Amurka, Clarence Hickman, ya ɗauki hoton wannan lanƙwasa da kyamara mai sauri. Kyauron da ya yi wa baka tauri zai kauce gefe guda, wanda ya yi laushi ya kauce ɗaya gefen. Maganin yana hannun maharbi da maƙeri: a rage tsawon kyauro ya ƙara tauri, a sa masa ƙarfe mai nauyi ya ƙara laushi.

Sai tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mariƙin baka. Maharban Ingila na da, da dunƙulen hannu suke auna ta, babban yatsa a tsaye. In ta yi kaɗan, tsirkiya ta doki wuyan hannu, bakan ya yi ƙara, nama ya zabura. In ta yi yawa, kibiya ta rasa gudu. Murɗa tsirkiya kaɗan yana gajarta ta, tazarar ta ƙaru. Tsirkiyar fata kuwa tana saki da damina, ta ɗame da hunturu, don haka awon bara ba ya yi wa bana. Wurin da ake ɗana kibiya a jikin tsirkiya ma yana da iyaka: ya yi sama ko ƙasa, kibiya ta tafi tana sunkuyo da ɗagowa.

Masu wasan harbi a Turai da Amurka, in suna son gane gaskiyar bakansu, kibiya marar gashin tsuntsu suke harbawa, domin gashi yana rufe aibu. To, kibiyar maharbin ƙasar Hausa da ma ba ta da gashi. Tilas ya zaɓi kyauro, ya gasa ya miƙar, ya gwada ɗaya bayan ɗaya. Da irin waɗannan kibau jama'ar Shehu Usmanu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804.

Wannan ilimi ne, kuma yana ƙarewa tare da tsofaffi, tunda matasan mafarauta bindiga suka fi so. Alhali harbin baka wasa ne da ake gasarsa a duniya: Chadi ta aika maharbinta Israel Madaye gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda ya kara da gwanin Koriya ta Kudu, Kim Woo-jin, a tazarar mita 70. Ya kamata hukumomin wasanni na jihohin Arewa su zauna da sarakunan baka, a rubuta yadda suke zaɓen itace da kyauro da awon tsirkiya, a kuma sa gasar harbi a bukukuwan Sallah, da rukunin yara.