Sun ce ya yi tsawo, ni Punam na gani

Uwargida, kin kalli Rocky Aur Rani Kii Prem Kahaani? Na Karan Johar ne, 2023. Ranveer Singh da Alia Bhatt suka yi musayar gida wata uku, kowa ya zauna da surukansa kafin aure.

Yawancin masu sharhi sun yaba, musamman barkwancin Ranveer. Wasu suka ce ya yi tsawo, kusan awa uku, wa'azi ya yi yawa, kuma da tsofaffin waƙoƙi aka saye zukatan mutane. Da gaskiyarsu. Ina ganin Dharmendra ya tsufa na tuna falonmu, kaset na juyawa, Inna na tsintar shinkafa.

Ni dai Punam ce ta tsaya mini a rai, mahaifiyar Rocky. Allah ya ba ta murya, aure ya rufe mata baki, uwar miji ke juya gidan. Irinta nake gani a asibiti: jini ya hau, in na tambayi damuwarta ta ce "ba komai."

Ki fara kallo ke kaɗai, akwai wuraren da ba na yara ba. Sannan ki gaya mini, me kika ajiye ranar da aka kai ki ɗaki?