A daina yi wa tsohuwar mota canki-canka

Da zarar bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, abu ɗaya ne ke maimaituwa a gidajen mai. Mutum ya shigo da tsohuwar Golf ko Peugeot 504 lafiya lau, ya kashe ta ya sha mai, ya murza makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Na baya suna ta danna hon, a tara yara a tura. Bayan rabin awa kuma ta tashi da bugu ɗaya.

Ni ba motar ce ke ba ni haushi ba, yadda muke neman maganin ne. Sai a bar ta ta kwana ta huce, a kai ta gareji da sassafe, lokacin da babu abin da ke damunta. Bakanike ya leƙa ya ce batir ne. A saya. Mako na zagayowa ya ce filogi. Da tsadar kayan gyara a yau, wannan zalunci ne ga aljihun mai mota.

Ga abin da ke faruwa. Da ka kashe inji, ruwa ya daina zagayawa, iska ta daina shiga, sai zafin ya taru a ƙarƙashin bonet ya wuce na lokacin da kake tafiya. A mota mai kafireta, fetur ɗin da ke cikinta da na bututu kan koma tururi, ko ya malala ya shaƙe injin. Shi ya sa tsofaffin direbobin 504 ke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, kuma ba camfi ba ne. In kuwa ka ji warin fetur, kada ka yi ta famfa totur. Taka shi har ƙasa, ka riƙe, sannan ka murza.

Kunne ma yana raba gardama. Idan injin yana juyawa da ƙyar, ko ka ji ƙas kawai, a duba kik da kakkaurar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, domin zafi yana rage wa wuta gudu a cikin waya, balle wadda tsatsa ta ci. Idan yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, to batir ba shi da laifi: ko mai ne bai iso ba, ko wuta ba ta zuwa filogi. Kwayil da sansar karanshaf sun shahara da mutuwa da zafi su farfaɗo da sanyi. A mai injekta, buɗe makulli sau biyu ko uku ba tare da ka tayar ba; in ta kama bayan haka, mai yiwuwa famfon mai ne ba ya riƙe ƙarfinsa.

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, da wasu suka mayar maganin komai, ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Don haka, mai mota, ka zaga da ita ta ɗau zafi, ka kashe ta a gaban bakanike, ku jira minti goma tare. Wanda ya ƙi gwada wuta da mai a wannan lokacin, ya ce ka kawo kuɗin kaya, ka nemi wani garejin.