A Gwada Jin Jariri Kafin Ranar Suna

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa ɗan Adam, ji yana da daraja ta musamman, domin ta kunne yaro ke koyon magana, ta kunne kuma almajiri ke karɓar karatu daga bakin malaminsa; amma abin takaici, sau da yawa iyaye ba sa farga da kurumta sai yaro ya shekara uku bai ce uffan ba.

Alhali kuwa dabarar ganewa ta samu. Tun 1978 wani masani a Ingila, David Kemp, ya gano cewa lafiyayyen kunne, idan sauti ya shige shi, yakan mayar da ɗan amo, kuma bisa wannan hikima aka ƙera na'urar da ake sa wa jariri a kunne yana barci, cikin 'yan mintoci ta nuna ko akwai abin dubawa.

A ganina wajibi ne hukuma ta tanadi na'urar a kowane asibitin haihuwa, a kuma riƙa gwada duk yaron da ya tashi daga ciwon sanƙarau ko ƙyanda.