Watan da Ya Zama Sikeli

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su wuce Maraɗi, ya san cewa girman kaya daban, nauyinsa daban. Motar da aka cika da dusa da wadda aka cika da siminti suna iya yin tsawo ɗaya, amma direba da ma'aikacin kwastan ba su ɗauke su ɗaya ba. To, wannan bambanci shi ne ya daɗe yana wahalar da masana ilmin falaki game da duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mirrihu da Mushtari, waɗanda ake kira astiroyid. Madubin hangen nesa yana nuna haskensu, a kimanta girmansu, amma ina sikelin da za a ɗora su?

Amsar ta soma bayyana a ranar 28 ga Agusta, 1993, lokacin da kumbon Galileo ya gifta wani dutse mai suna Ida, wanda tsawonsa ya kusa kilomita 60, watau ya zarce nisan Katsina zuwa Jibiya. A watan Fabrairu na 1994, wata ma'aikaciya mai suna Ann Harch ta lura da ɗan ɗigo a gefen hotonsa. Ashe wata ne, mai faɗin kimanin kilomita ɗaya da rabi, aka sa masa suna Daktil. Shi ne na farko da aka tabbatar.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Silbiya. Norman Pogson ne ya gano ta a Madaras ta ƙasar Indiya a 1866. Faɗinta ya kai wajen kilomita 270, kusan tafiyar Kano zuwa Maraɗi ke nan, kuma ba mulmulalliya ba ce, ta fi kama da dankali. Nisanta da rana ya ninka na duniya kusan sau uku da rabi, don haka shekararta guda ta kai shekara shida da rabi a lissafin duniya. Amma duk da wannan jiki, tana juyawa a kan kanta cikin awa 5 da 'yan mintoci kawai. A 2001 Michael Brown da Jean-Luc Margot suka hango mata wata da madubin Keck na Hawai, aka kira shi Romulus. A 2005 kuma Franck Marchis da abokan aikinsa suka ba da sanarwar na biyu, Remus. Ta zama astiroyid ta farko da aka san tana da wata biyu.

A nan ne daɗin lamarin yake. Romulus yana nesa da tsakiyar Silbiya da kimanin kilomita 1,350, yana kuma kammala kewayensa cikin kwana 3.65. Remus yana wajen kilomita 700, kewayensa bai kai kwana ɗaya da rabi ba. Dokar da Kepler ya gano, Newton ya bayyana dalilinta, ta nuna cewa gwargwadon nauyin uwa, gwargwadon saurin da ɗa zai yi a nisan da yake, in ba haka ba ya faɗo ko ya kuɓuce. Saboda haka nisa da lokaci kaɗai sun isa su fitar da nauyi. Ɗalibin sakandare da ya iya ninkawa da rabawa zai zauna da takarda ya samo shi: kimanin tan miliyan 14 sau biliyan ɗaya. Idan aka raba wannan da girman jikinta, sai a tarar nauyinta bai kai ninki ɗaya da rabi na ruwa mai yawanta ba, alhali dutsen da ake fasawa a yi gini ya ninka ruwa fiye da sau biyu da rabi. Ma'ana, Silbiya ba dunƙulallen dutse ba ce. Tana da sarari a ciki, mai yiwuwa da ƙanƙara, kuma masana da dama na ganin wani tsohon karo ne ya fitar da ɓarɓashin da ya zama watanninta. Mudun dusa ne aka yi wa kallon mudun gero.

Abin takaici shi ne, wannan irin darasi bai cika shiga aji ba. Ana haddace wa yaro sunayen duniyoyi a jere, ya rubuta a jarrabawa, ya manta, ba tare da an taɓa nuna masa yadda aka san abin da aka faɗa masa ba. Kimiyya kuwa tana cikin hanyar sani, kuma da wuya a sami misalin da ya fi wannan sauƙi da arha.

Wani zai ce, mutanen da suka sha rufe iyaka a 2019 da 2023, ga matsalar tsaro a ƙauyuka, ina ruwansu da dutsen da ke bayan Mirrihu? Tambayar tana da nauyi, kuma gaskiya ne Silbiya ba ta barazana ga kowa. Amma ƙananan danginta sukan yi. Wani mai faɗin kilomita 10 da ya faɗa a yankin Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce shi ne ya rufe zamanin manyan dabbobin nan da ake tono ƙasusuwan irinsu a hamadar Nijar. A ranar 26 ga Satumba, 2022, kumbon DART ya daki Dimofos, watan astiroyid Didimos, da gangan, kuma ta hanyar lokacin kewaye aka auna sakamakon: awa 11 da minti 55 ya ragu da kimanin minti 32. Mai son kawar da dutse daga hanyarsa dole ya fara sanin ko dunƙule yake ko tarin tsakuwa.

Sa'an nan ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce ga sararin samaniya. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a wata gona kusa da Zagami. Bincike ya nuna daga Mirrihu ya fito, bayan wani karo ya cillo shi, kuma guntayensa sun watsu a ɗakunan bincike na ƙasashen waje. Wani irinsa da aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an sayar da shi a Niyok a 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Wanda bai san darajar abin da ke gonarsa ba, dillali ne zai yanka masa farashi.

Aikin ma ba sai da kumbo ba. Idan astiroyid ta gifta gaban tauraro, hasken yakan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, kuma masu ƙananan madubai da aka jera a wurare dabam-dabam suna fitar da siffarta daga tsawon ɗaukewar. In hasken ya ɗauke sau biyu, ana zaton wata. Masanan Senegal sun yi irin wannan aiki tare da hukumar NASA a 2018. Jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da ta Maraɗi suna da sassan lissafi da fizik, suna da dare mai duhu in ƙurar hunturu ta kwanta. Abin da ya rage shi ne madubi, da agogo mai kyau, da yarjejeniyar da za ta bar ɗalibai su jeru a ɓangarorin iyakar biyu a dare guda.