Mun kula da numfashin inji, mun manta da namu

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Maraɗi da asubar hunturu ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ya taso daga Damagaram ya bi ta Matamaye zuwa Daura, ya san yadda ƙura ke yi wa matafiyi. Ka isa kasuwa farar rigarka ta koma ruwan ƙasa, gashin idonka ya yi fari kamar na mai injin niƙa, maƙogwaro kuwa sai ka sha shayi kofi biyu kafin murya ta dawo ka iya yin ciniki. Mun saba da wannan har mun ɗauke shi tamkar kuɗin fito, abin da dole sai an biya kafin a ƙetare. To amma ga waɗanda Allah ya hore wa motar kansu daga cikinmu, wani ɓangare na wannan wahala mu muke jawo wa kanmu, saboda wani ɗan abu da bai wuce girman littafin ɗan makaranta ba, wanda da yawanmu ba su ma san yana cikin motarsu ba.

Muna magana ne a kan matatar iskar cikin mota, wadda makanikai a nan ke ce wa filtar kilim, a ƙetaren iyaka kuma filtar esi. Ba ita ce matatar iskar inji ba. Waccan kowa ya san ta, kowane direba yana sa yaron mota ya ciro ta ya kakkaɓe, domin ya san idan ta toshe mota za ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai, wato aljihu zai ji a jikinsa nan take. Ita wannan ta biyun aikinta tace iskar da fanka ke turo wa mutanen da ke zaune a ciki. Da yake huhun ɗan Adam ba ya kunna jar wuta a gaban direba idan ya cika da ƙura, shi ya sa ake yin shekara uku, huɗu ba a waiwaye ta ba.

Ba za mu ga laifin dattawanmu ba idan suka ce su ba su san wannan bidi'a ba. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda ta yi wa fatauci hidima shekara da shekaru a waɗannan hanyoyi, ba ta da wannan matata, gilashi kawai ake saukewa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 abin ya zama ruwan dare a motocin Turai da na Japan. Su ne kuwa motocin da suka cika mana gari daga baya ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. A shekarar 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Galibin irin waɗannan motoci suna iso mana da matatar da mai motar na farko ya bari a ciki, cike da ganyen itatuwan da ba mu ma san sunansu ba. Dillali zai wanke mota ta yi ƙyalli, ya fesa turare, amma ba mu taɓa ganin wanda ya ce wa mai saye ga sabuwar matata na saka maka ba.

Ƙurar da muke sha kuma ba irin tasu ba ce. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe, kuma masana suna lissafa shi a sahun farko na wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. A kan wannan sai a ƙara ƙurar burji da manyan motoci ke tayarwa a hanyoyin ƙauye, da baƙin hayaƙin tireloli a layin shingen iyaka, inda mutum zai iya share sa'a biyu a bayan salansar wani. Ƙura mai kauri hanci yana tare ta, mutum ya yi atishawa ya huta. Wadda likitoci ke tsoro ita ce ƴar mitsitsiyar nan da ta fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, domin ita tana wucewa har can ƙasan huhu. Saboda ita ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara mizaninta na tsabtar iska a 2021. Mai asma, da mai ciwon zuciya, da jariri a bayan uwarsa, su ne ke fara ji a jikinsu.

Ba mu ce matata maganin komai ba ce. Ba ta tare ƙurar gaba ɗaya, kuma ba ta hana sanƙarau, wanda rigakafinsa allura ce. Haka nan ba ta tare gubar hayaƙin salansa marar wari da ke sumar da mutum, saboda haka wanda salansarsa ta fashe kada ya ce ai yana da sabuwar matata, wajen mai walda zai nufa. Abin da take yi shi ne rage yawan abin da ke shiga ƙirjinka a tafiyar sa'a huɗu ko biyar, kuma ga wanda ke bin hanya kowane mako wannan ragi ba ƙarami ba ne.

Mu dawo kan kuɗi, tunda da shi aka fi gane magana a kasuwa. Wani abokin fataucinmu ya yi bazara guda yana kukan kilim ɗin motarsa ba ya sanyi. Sau biyu aka ƙara masa gas a wani garaji, sannan aka ce masa kwamfareso ne ya mutu, ya kawo kuɗin sabo. Ranar da muke tare muka buɗe akwatin gaba muka zaro matatar, sai ga ta ta koma kamar tubalin ƙasa, har da ɓawon gyaɗa da tsummokaran da ɓera ya tara ya yi gida. Da aka saka sabuwa, iska ta dawo kamar ranar da aka sayi motar. Gas ɗinsa lafiya lau yake, iskar ce ba ta samun hanyar wucewa. Kuɗin matatar kuwa bai kai kuɗin cika tanki ɗaya ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da muke so makanikai su bari, domin ta fi toshewar muni. Idan aka kawo musu mota iska ba ta fitowa, wasu sai su zare matatar su jefar, su rufe wurin haka nan. Mai mota ya ji iska tana busowa da ƙarfi, ya yi godiya har da ƙarin na goro. Abin da bai sani ba, a bayan fankar nan akwai wani ɗan lagireto na sanyi, wanda kullum yake jiƙe da raɓa idan kilim yana aiki. Ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka, ta liƙe ramukansa, da damina ta yi funfuna, motar ta riƙa warin tsohon rumbu. Wanke shi kuwa a motoci da yawa sai an kwance gaban mota gaba ɗaya, aikin yini guda, kuma ba kowa ke mayar da wayoyin yadda ya same su ba. An gudu daga ƙaramin kashe kuɗi an faɗa babba.

Ga kuma maganar hatsari. Da sanyin asuba ko lokacin ruwan sama, idan gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, iskar fankar nan ce ke share shi. Idan matata ta toshe, sai ka ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge gilashi da hularsa, a hanyar da amalanke da shanu ke fitowa ba sallama.

Dubawa ba ta buƙatar makanike. A yawancin motocin Toyota da muke hawa, irin su Corolla da Camry, tana bayan akwatin nan da ke gaban kujerar mai zaman banza, inda muke ajiye takardun mota. Ka kashe mota, ka kwashe abin da ke cikin akwatin, ka cire ɗan sandan da ke riƙe shi a gefe, ka matsa ɓangarorinsa biyu ciki, zai sauko ƙasa. Za ka ga wani murfi dogo mai maƙalai, ka buɗe shi, ka zaro matatar a hankali kada ta zubar maka da datti cikin fanka. Kafin ka gama zaro ta ka lura da kibiyar da ke jikinta. A wasu kibiyar tana nuna inda iska ke bi ne, a wasu kuma tana nuna ɓangaren da zai kalli sama, don haka yadda ka samu tsohuwar haka za ka mayar da sabuwar. A wasu motocin Turai, kamar Golf 4, sai an buɗe bonet, tana ƙarƙashin gilashin gaba. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Idan haske ba ya ratsawa, ko tana wari, ko ta yage, ta gama aiki. Kana iya buɗewa ka tarar da gurbin wayam, ko dai an jefar da ita, ko tun daga kamfani ba a saka ba. Sai ka saya ka saka.

Mun san abin da wasunmu za su yi, domin mu ma mun yi: a kai wa mai faci ya hura mata iska, ko a ba yaro ya wanke ta da omo. Kakkaɓewa a hankali tana iya ba ka ɗan lokaci idan kana kan hanya. Amma iskar mai faci tana buɗe ramukan takardar, ruwa kuma yana kashe ta, sai ta fito fes a ido alhali ƙura na wucewa ta cikinta kamar rariya. Masu ƙera motoci galibi suna cewa a canza ta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara, kuma su da kansu sun rubuta cewa a wuri mai ƙura a rage wannan tazara. Mai zuwa Kano daga Maraɗi sau ɗaya a mako, zuwa da dawowa kimanin kilomita 500 ke nan, a shekara ya haura 25,000 ban da zirga-zirgar cikin gari. Ra'ayinmu shi ne a duba ta duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, a saka sabuwa da shigowar hunturu, a sake dubawa idan hazo ya wuce. Akwai mai ɗauke da garin gawayi a ciki, ta fi tsada, amma tana rage warin hayaƙi. Wanda ke yawan tsayuwa a layin manyan motoci, ita ta fi dacewa da shi.

Akwai wani maɓalli mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta, wanda ke rufe iskar waje ya riƙa juya ta ciki. Idan za ka shiga ƙurar tirela, danna shi. Amma kada ka bar shi daga Ƙonni har Doso da mutum biyar a mota, domin numfashin da kuke fitarwa yana taruwa, kai ya yi nauyi, gyangyaɗi ya zo. Idan hanya ta washe, a buɗe iskar waje.

Wani zai ce, to mu da muke shiga motar haya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, gilashi a sauke, buhuna a bisa, ina ruwanmu da wannan magana? Gaskiyarsa, kuma su ne mafi yawa a cikinmu. Idan gilashi a buɗe yake, matata ba ta da wani amfani, rawani ko takunkumi shi ne abin yi. Sai dai mu tuna cewa direban nan shi ne ke shan ƙurar kwana shida a mako, fasinja kuwa sau ɗaya. Kuma da yawa daga cikin motocin hayar nan namu ne, mu ƴan kasuwa muka saya muka ba yara su yi aiki. Idan muna tambayarsu lissafin mai da na taya duk mako, ba zai gagare mu gyara musu fanka da saka matata ba, ko da kilim ɗin ya mutu, domin da hunturu fanka kaɗai ta isa a rufe gilashi. Shugabannin tashoshin mota da ƙungiyoyin direbobi ma suna da bakin magana a nan.

Sai ƴan'uwanmu masu sayar da kayan gyara. Za ka zaga shago goma ka samu matatar mai da ta inji iri-iri, amma wannan sai a ce sai an aiko daga Kano ko Yamai. Sun ce ba a tambaya, masu mota kuma sun ce ba a samu. To ku kawo ko da na motoci huɗu ko biyar da suka fi yawa a hanya, ku rataye inda ido zai gani, ku kuma guji marar kyan nan mai takarda shara-shara da ba ta cika gurbinta, domin duk inda aka bar kafa a gefe ta nan ƙura za ta bi. Kai kuma mai saye, kada ka je da baki kawai ka ce a ba ka ta Corolla, domin Corolla iri-iri ce. Saka tsohuwar a leda ka tafi da ita, a ɗora sabuwar a kanta a gabanka, tsawo da faɗi da kauri su zo daidai kafin ka biya.